Ba Duk Mai Jewa A Saman Unguwa Ne Ɓarawon 'Yan Tsaki Ba

Da zarar kaza ta yi kukan gargaɗi, 'yan tsaki suka ruga ƙarƙashin fikafikanta, sai ka ji gida ya ɗauka: "Shirwa! Shirwa!" Yara su rarumo duwatsu da danƙon harbi, duk tsuntsun da tsautsayi ya ratso da shi ta saman gidan ya shiga uku. Alhali tsuntsayen farautar da ke zaune cikin garuruwanmu, daga Garwa da Marwa har Kuseri da Njamena, sun haura iri goma, kuma kaɗan ne a cikinsu suka mayar da ɗaukar 'yan tsaki sana'a. Mafi yawansu ɓera da ƙadangare da fara suke ci, ko kuma mushe. Wanda ya iya bambance su zai san wanda zai tsare kajinsa daga gare shi, ya kuma san wanda yake yi masa aiki kyauta.

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne neman launi. Tsuntsun da ke sama, rana na bayansa, baƙi za ka gan shi ko da fari ne tas. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan mayar da kowa ruwan ƙasa. Don haka a ajiye launi a gefe tukuna, a fara da wutsiya da fiffike da salon tashi. Wutsiyar doguwa ce ko gajera, bakinta a tsage yake ko a zagaye? Fiffiken mai tsini ne, ko mai faɗi da gashi a warwatse a ƙarshensa? Tsuntsun jewa yake ba ya kaɗa fiffike, ko kaɗawa yake da sauri ya saki jiki ya sake kaɗawa, ko kuwa tsaye yake cak a iska? Idan ka haɗa waɗannan da wurin da ka gan shi da lokacin, ka gama rabin aikin tun kafin ka ga launin idonsa.

Shirwa

Da ita ake farawa, don ita ce ma'auni. Ka santa sosai, sai ka riƙa gwada kowa da ita: ya fi ta girma ko bai kai ta ba. Tsawonta wajen santimita 55 ne, buɗin fikafikanta ya kusa mita ɗaya da rabi, jikinta ruwan ƙasa mai duhu. Alamar da ba ta ƙarya ita ce wutsiya: bakinta a tsage yake, kuma ba ta barinta ta huta, kullum tana murɗa ta hagu da dama tana gyara tafiya. A lura, idan ta baza wutsiyar sosai tsagar kan ɓace, bakin ya miƙe sambal, sai mutum ya zaci wani tsuntsu ne daban. Ka jira ta naɗe ta, za ka ga tsagar ta dawo.

Shirwa iri biyu muke gani. Tamu ta nan Afirka bakinta rawaya ne duka. Akwai kuma baƙuwa da ke zuwa daga Turai tun wajen Oktoba, ta koma zuwa Afrilu. Ita bakinta baƙi ne, gindinsa kawai ke da rawaya, kanta kuma ya ɗan fi haske. Abin da ke rikita mutane shi ne 'ya'yan tamu ma da baƙin baki suke fara tashi. Saboda haka baƙin baki kaɗai bai isa hujja ba, sai an haɗa da watan da ake ciki da kuma kamannin gashin: ƙaramar shirwa tana da zane-zane masu haske a ƙirji da baya.

Da rani take sheƙa, can ƙololuwar maɗaci ko wani dogon itace, a inda reshe ya rabu biyu. Ƙirare take tarawa, ta shimfiɗa tsumma da leda da takarda a ciki, don haka idan ka hango sheƙa da tsumma na reto a gefenta, kusan tabbas tata ce. Ƙwai biyu ko uku take yi, ta kwanta a kansu kamar wata guda. Lokacin da 'ya'yan ke sheƙa ne ta fi matsa wa kaji, kuma lokacin ne take fizge tsoka daga faifan mahauci ko daga hannun yaro. A Garwa yawansu yakan ragu da damina, don da yawa kan bi ruwa su nausa arewa, su dawo da kaka. Mafi kyawun kallon shirwa shi ne yammacin da shinge ya fito bayan ruwan farko: za ka ga gommai sun taru, suna cafke shi da ƙafa suna kai wa baki ba tare da sun sauka ba.

Ƙananan shaho na cikin itatuwa

Waɗannan ba sa jewa a fili, shi ya sa mutum zai shekara da su a unguwa bai sani ba. Marwa da darbejiya da maɗaci suka rufe titunanta gidansu ce. Babba a cikinsu wajen yawa shi ne wanda masana ke kira shikra. Bai wuce santimita 30 ba, wato girman tantabara amma ya fi ta siranta. Bayansa toka-toka ne, cikinsa fari da siraran layuka ja-ja a kwance, idonsa ja, ƙafarsa rawaya. Fikafikansa gajeru ne masu zagaye, wutsiyarsa doguwa. Tashinsa: ya kaɗa sau huɗu ko biyar da sauri, ya saki jiki, ya sake. Yakan zauna shiru a cikin inuwar reshe yana kallon katanga, jan gwada na ɗaga kai sai ya ji an sure shi. Ƙadangare ne babban abincinsa, sai ƙananan tsuntsaye, wani lokaci kuma ɗan tsako mai 'yan kwanaki.

Hanyar gano shi ta kunne ce. Idan ka ji ƙananan tsuntsaye sun rikice da tsiwa a kan itace ɗaya, kurciyoyi sun watse a guje, ka tsaya ka duba tsakiyar itacen, ba samansa ba. Shi kansa yana da kuka mai kaifi, "ki-wik, ki-wik", musamman da sassafe lokacin neman aure.

Mai kama da shi shi ne gabar. Girmansu kusan ɗaya, amma gabar ƙafarsa ja ce, gindin bakinsa ma ja, ƙirjinsa toka zalla babu layi, kuma idan ya tashi za ka ga farin tabo a gindin wutsiyarsa, abin da shikra ba shi da shi. Akwai gabar da yake baƙi wuluk, ƙafar da gindin bakin ne kawai ja. Iri ɗaya ne, ba wani tsuntsu daban ba. Shi tsuntsaye ya fi bi, har yakan yage sheƙar tsuntsaye masu saƙa ya zaro 'ya'yansu. A bakin gari kuma, kan turakun lantarki na hanyar fita, akwai babban ɗan'uwansu: dogo, mai tsawon wajen santimita 45 zuwa 50, toka-toka, da dogayen ƙafafu ja, yana tsaye ƙyam kamar an dasa shi. Wannan yana iya ɗaukar ɗan tsako da ya tasa.

Abu biyu ke ɓatar da mutane a wannan dangi. Na farko, mace ta fi namiji girma, wani lokaci nesa ba kusa ba, sai a ɗauka iri biyu ne. Na biyu, 'ya'yansu ruwan ƙasa ne, da ɗigo-ɗigo ko zane a tsaye a ƙirji maimakon layukan kwance na manya. Idan ka ga shaho ruwan ƙasa mai siffar shikra daga ƙarshen rani zuwa damina, ka fara zaton ɗa ne kafin ka ce ka gano sabon iri.

Masu fiffiken lauje

Nan ne daɗin kallon yake. Waɗannan fikafikansu dogaye ne masu tsini, sun lanƙwasa baya kamar lauje, idonsu baƙi, kuma akwai baƙin zane da ya gangaro daga ido zuwa kumatu. Babbansu a garuruwanmu shi ne wanda masana suka sa wa Falco biarmicus. Ya kai santimita 40 zuwa 50, ƙeyarsa ja-ja, bayansa toka, cikinsa fari-fari. Mazauninsa dogayen ƙarafan sabis na waya, da manyan turakun lantarki, da tankunan ruwa. Ba ya gina sheƙa. Tsohuwar sheƙar hankaka yake gajewa, ko ya yi ƙwai a tsagar dutse. Idan kana son tabbatar da yana amfani da wani ƙarfe, duba ƙasan wurin: farin kashi a jikin ƙarafan, da tarin gashin tantabara ko hazbiya da aka fige. Sau da yawa mata da miji suke farauta tare, ɗaya ya tarwatsa garken tantabaru, ɗayan ya zo ta baya ya buge wadda ta ware. Masu kiwon tantabara sun san shi sarai. Dabarar da ta fi ita ce a leƙa ƙarfen kafin a buɗe ɗaki, a saki garken gaba ɗaya ba ɗai-ɗai ba, kuma kada a fitar da 'yan shila su kaɗai, don wadda ta ware yake nema.

Inda duk giginya take, a nemi ƙanensa mai jan kai. Ɗan ƙarami ne, santimita 30 zuwa 35, kansa da wuyansa ja, cikinsa da siraran layuka baƙi da fari. A gindin ganyen giginya yake sheƙa, kuma da wuya ya yi nisa da ita. Lokacinsa dab da magariba: yakan fito ƙasa-ƙasa da gudu, ya bi tsuntsayen da ke komawa makwanci, har jemage yakan kama. Wanda ke zaune kusa da bakin Binuwai ko Shari ko Logon, inda giginya ke nan, ya ware minti talatin kafin kiran salla ya zuba ido a kanta.

A unguwannin da ke jingine da duwatsu, kamar gefen tsaunukan Marwa da wajen dutsen Mindif, akwai wani ɗan'uwansu ja gaba ɗaya mai doguwar wutsiya, mai son fara da ƙananan ƙadangaru. Ba ruwansa da kaji.

Akwai kuma wani, ba daga wannan dangin ba, wanda bai kamata a taɓa jifa ba sam. Fari ne tas a ciki, bayansa toka mai haske, kafaɗunsa baƙi, idonsa ja jawur. Girmansa bai fi na tantabara da yawa ba. Za ka gan shi a kan waya a gefen fili ko gona, yana ɗaga wutsiya yana saukewa, ko kuma ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, kansa a sunkuye, sannan ya sauko a hankali da ƙafafu a miƙe. Ɓera yake nema, kusan ba ya cin komai sai shi. Mai rumbu ko mai shagon hatsi da ya kashe wannan ya kashe ma'aikacinsa ne.

Wani da ke ba mutane mamaki shi ne babban toka-toka mai ɗan ƙaramin kai, tsawonsa ya haura santimita 60, fuskarsa ba gashi, rawaya ce amma takan koma ja idan ya harzuƙa, baƙar wutsiyarsa kuma da farin layi guda a tsakiya. Gwiwarsa tana lanƙwasawa gaba da baya, don haka za ka gan shi ya maƙale a jikin itace ko ƙarƙashin rufin kwano, fikafikai a baje, yana zura ƙafa cikin rami yana lalubo 'ya'yan tsuntsaye. Ba shi da lafiya ne, in ji wanda bai san shi ba. Lafiyarsa ƙalau, haka yake cin abincinsa.

Ungulu

Ungulu ba ta jewar banza, amma yanzu jewar ma ta yi wuya. Dattawa a Garwa da Marwa sun san lokacin da ba a yanka a kwata ba tare da ta cika katanga ba. Wani masani ɗan Faransa, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsayen farauta a hanyoyin arewacin Kamaru a 1973, ya sake bin hanyoyin a 2000, ya tarar ungulaye da manyan gaggafa sun ragu ƙwarai, musamman a wuraren da ba sa cikin gandun daji irin su Waza. A 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. A 2020 kuma fiye da 2,000 suka mutu a Gini Bisau sakamakon guba da aka sa musu da gangan, don a sayar da kawunansu ga masu tsibbu. Wannan ciniki yana nan a kasuwanninmu ma, ba sai an ɓoye ba. Dalilin da ya sa ba ta farfaɗowa da sauri shi ne ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa wajen kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. Duk babba ɗaya da aka kashe, shekaru ake yi kafin a maye gurbinsa.

Gane ta ba wuya: fikafikai masu faɗi a miƙe, gajerar wutsiya, ɗan siririn baki, fuska ruwan hoda. Ta fi jewa a sama bayan ƙasa ta ɗau zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa, sannan ta hau ta. In ban da ƙwari, ba ta kama mai rai. Inda ta ɓace, mushe kan daɗe yana ruɓewa, karnukan bola su yawaita.

Na dare

Mujiya ta fi kowa shan tsangwama, kuma ba ta da laifin komai. Wadda ta fi zama cikin gari ita ce mai farar fuska, mai kwana a silin da hasumiyar masallaci da tsofaffin ɗakunan ajiya. Kukanta doguwar ƙara ce mai kaushi. Hucin da ake ji daga silin da dare, wanda ke sa a ce gida da aljanu, 'ya'yanta ne ke roƙon abinci. Ga hanyar tabbatarwa da idonka: a ƙasan inda take kwana za ka sami wasu baƙaƙen dunƙule masu tsawon ɗan yatsa. Ba kashi ba ne, abin da ta amayar ne na gashi da ƙashi. Jiƙa ɗaya a ruwa, ka warware shi da tsinke, za ka ga ƙoƙon kan ɓera ko na jaɓa da haƙoransa cif. Babba ɗaya kan ci ƙananan ɓeraye uku ko huɗu a dare, balle idan tana ciyar da 'ya'ya.

Idan ta dame ka a silin, jira 'ya'yan su tashi sannan ka toshe ƙofar, ka kafa mata akwati a waje. A yi shi da katako, faɗi santimita 45, tsawo 60, ƙofa wajen santimita 13, kuma daga ƙasan ƙofar zuwa daɓen akwatin a bar zurfin santimita 45, don kada 'ya'yan su faɗo tun ba su yi gashi ba. A ɗaure shi sama da mita 4, cikin inuwa. Akwatin da rana ta Maris ko Afrilu ke duka kai tsaye zai dafa 'ya'yan. Sannan a daina zuba maganin ɓera a kusa: ɓeran da ya ci guba ba nan take yake mutuwa ba, yakan fito yana tangaɗi, mujiya ko shaho ya ɗauka, gubar ta bi shi.

Tsare kaji ba tare da kisa ba

Kashe shirwa ba ya magance komai, wata ce za ta maye wurin cikin 'yan kwanaki. Haɗarin yana kan sati shida zuwa takwas na farko. A yi akurkin raga mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, tsayin santimita 60, ragar kada idonta ya wuce santimita biyu da rabi, a rufe rabin samansa da zana saboda rana, a riƙa matsar da shi kullum. Ragar da ta fi haka faɗin ido, shikra na iya zura ƙafa ta ciki. Idan an sake su, a jingina zana ko tsohon kwano a jikin katanga wuri biyu ko uku don su sami mafaka kusa. Shirwa tana buƙatar fili ta sauko a karkace ta wuce ba tare da ta tsaya ba. Igiyoyi da aka ja a saman tsakar gida, tazarar kamu biyu zuwa uku, sukan hana ta. Kayan cikin kaza da na kifi kuma a binne su. Gidan da ake watsar da su a fili shi yake koya wa shirwa hanya.

Kayan aiki da ladabin fita

Ido kaɗai ya isa a fara. Wanda zai sayi madubin hangen nesa ya nemi mai lamba 8x42: yana kusanto da abu sau takwas, gilashin gabansa milimita 42, yana tara haske da magariba kuma ba ya rawa a hannu. A guji masu jan gilashi da masu alkawarin kusantowa sau hamsin. Kafin ka biya, auna wayar lantarki da shi. Idan ka ga ta zama biyu, a karkace yake, ciwon kai zai sa maka. Wajen saiti, rufe idon dama ka murɗa dabaran tsakiya har abu ya fito, sannan ka rufe na hagu ka gyara da zoben da ke jikin idon dama. Ƙurar hunturu a hure ta kafin a goge, in ba haka ba yashi zai karce gilashin. Ka sa rana a bayanka, kuma idan tsuntsu ya nufi wajenta ka sauke madubin, don kallon rana da shi yana makantarwa.

Halin tsaro da ake ciki ba ɓoyayye ba ne. Kada a ɗaga madubi ko waya wajen bariki, filin jirgi, gada, ko shingen jandarmomi, ko da gaggafa ce ta sauka a can. Kada kuma a auna shi cikin gidajen mutane. Idan unguwar ba taka ba ce, ka fara gaida lawan ko jauro ko bulama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka bar yaran wurin su leƙa. Su za su nuna maka sheƙar da ba za ka taɓa ganowa da kanka ba. Sai dai sheƙar ungulu da ta mujiya, in kai ka gano, ka riƙe a cikinka.

Ka riƙa rubutawa: kwanan wata, lokaci, unguwa, iri, guda nawa, me yake yi. Ƙidayar ungulaye a kwata ɗaya, a rana ɗaya ta kowane wata, a sa'a ɗaya, ta fi tarin hotuna amfani, kuma ana iya shigar da ita a manhajar eBird inda masu bincike ke gani.

Idan aka tsinci ɗan shaho ko na mujiya a ƙasa, a duba tukuna. Mai cikakken gashi koyon tashi yake, a ɗora shi kan reshe a kori kuliyoyi da yara, iyayen na kusa. Mai rauni kuwa a lulluɓe shi da zani, a kama ƙafafun farko don farcen ne makaminsa ba bakin ba, a sa shi a kwali mai huji a wuri mai duhu da sanyi. Kada a ɗura masa ruwa, yakan bi ta maƙoshin numfashi ya kashe shi, kada kuma a ba shi tuwo ko gero. A kai shi ga jami'an gandun daji da namun daji na garin. A Garwa akwai makarantar horar da ma'aikatan namun daji da ke aiki tun 1970, ana iya neman shawararsu.